Uwargida Ta Sani

Duk wanda ya taɓa shiga dogon benen gilashin nan da ke kallon teku a Lusail, a gefen Doha ta ƙasar Ƙatar, ya ga Ɗalhatu, ko da bai lura da shi ba. Shi ne dogon mutumin da ke tsaye a bakin ƙofa cikin yunifom mai ruwan toka, yana yi wa kowa maraba da Larabcin da ya tsinta a hanya. Aikin gadi a Doha haka yake, a wuni ana wuce ka, amma ba wanda zai iya faɗin kamanninka. Wannan bai taɓa damun Ɗalhatu ba. Mutum ɗaya ne a duniya yake tsoron ya faɗi a idonsa, shi kuwa yana can Malumfashi, ko kiran bidiyo bai iya amsawa ba sai an taya shi.

Mutumin shi ne Malam Abdul-Majeed, limamin masallacin unguwarsu, kuma surukinsa. Aminin mahaifin Ɗalhatu ne tun suna samari. Da mahaifin ya rasu, Ɗalhatu yana tsakiyar sakandare, Malam bai yi wani dogon jawabi ba, ya dai aika wa uwar yaron cewa duk abin da ya taso a sanar da shi. Shi ya tsaya har Ɗalhatu ya gama makaranta, shi ya kai shi wurin wani mai shagon kayan gini ya ce ga ɗansa. Da ya lura yaron ya cika zuwa gaisuwa alhali ba salla ake yi ba, kuma 'yarsa Rahmatu ta cika sharar ƙofar zaure a daidai wannan lokacin, sai ya hutar da su duka biyun, ya ɗaura musu aure. A majalisar ƙofar masallaci kuwa, in ana zancen yaran zamani, Malam yakan ce, “Ban da Ɗalhatu. Wannan yaron bai iya ƙarya ba.” Ɗalhatu ba shi da gona, ba shi da fili, wannan maganar ita ce kadararsa, kuma ya san haka.

A unguwar Najma yake kwana, a wani tsohon gida bayan kasuwar tsofaffin kujeru da katifu. Ɗaki ɗaya ne su shida, gadajen ƙarfe masu hawa biyu, kowa ya rataya zanin gado ya kare nasa. Na'urar sanyaya ɗakin ƙara take kamar injin niƙa, amma ba mai zaginta, don ranar da ta yi fushi ta tsaya sun ɗanɗana kuɗarsu. Da asuba motar kamfani ta kwashe su zuwa wurin aiki, da magariba ta juye su a bakin titi, a sayi gurasa da shayin karak a shagon Ba'indiye, a ci, kowa ya shige bayan labulensa da wayarsa. Juma'a ce kaɗai tasu. Ranar ake wanki, a je masallaci, in an yi sa'a wani ya dawo hutu da kuka da daddawa a tuƙa tuwo a ci har a kasa tashi.

Albashin mai gadi bai kai a ba shi izinin kawo iyali ba, hutu kuma sai an sha jira. Rahmatu na can da 'yarsu Ummi, wadda ya bari tana rarrafe, yanzu har ƙwace waya take tana ba shi labarin akuyar maƙwabta. Suna magana kusan kullum, sai dai hirar ta koma ta ya jiki, ya ruwa, ya mutanen gida. Kaɗaici kuwa ba ya sallama in zai shigo. Ba za a ce Ɗalhatu lalatacce ba ne, ko kusa. Namiji ne mai jini a jika da ke wuni yana buɗe wa ma'aurata ƙofa, su wuce shi da ƙamshin turarensu, shi kuma ya koma ya kwana a ƙarƙashin minsharin Nurudeen.

Nurudeen shi ne mai gadon sama, direba ne ɗan Zariya, irin mutanen nan da ba abin da ba su sani ba, ba kuma abin da suka taɓa kai wa ƙarshe. Wata Juma'a bayan an gama da tuwo, ya leƙo da kansa daga sama.

“Malam Ɗalhatu, kai fa kashe kanka kake yi a banza. Duniya ta yi gaba ta bar ka a bakin get. Zo ka ga wani abu.”

Wata manhaja ce ya buɗe masa, ta Turawa da sauran 'yan duniya, inda miji da mata ke sa hotonsu tare, su rubuta ƙarara cewa kowannensu yana neman wani a waje, da sanin juna. Wasu su uku ne a hoton, wasu ma ba ka gane wa ke da wa. Ɗalhatu ya yi a'uzubillahi da ƙarfi, amma fa sai da ya karanta ya ƙoshi tukuna.

“Waɗannan ai dabbobi ne,” in ji shi. “Kawar mini da wannan ƙazanta.”

“Khalas, shi ke nan, na kawar. To ga taku ta ustazai.”

Ta biyun ta Musulmi ce masu neman ƙarin aure. Maza masu iyali ne a ciki, da matan da suka rubuta da hannunsu cewa sun yarda su zama ta biyu ko ta uku, yawancinsu zawarawa da ma'aikata. Akwai kuma masu son abin da Larabawan yankin Gulf ke kira misyar, auren da mace za ta zauna a wurinta, ta yafe ciyarwa da rabon kwana, miji ya riƙa zuwa in ya samu sarari. Nan ne zuciyar Ɗalhatu ta tsaya. Mace mai aikinta, mai ɗakinta, a nan Doha, ba lefe, ba neman gida, kuma halal. Abin da ya fi yi masa daɗi, wanda ko wa kansa bai faɗa a fili ba, shi ne ba dole ne labarin ya tsallaka teku ba.

Ya sa hotonsa na sallar bara, farar jallabiya a Corniche, wurin shaƙatawa na bakin teku. Wurin sana'a ya rubuta mai gadi, bai ƙara gishiri ba, har yana jin kansa saboda haka.

A nan ya gamu da Haulat. Ma'aikaciyar jinya ce 'yar Kaduna, aurenta ya mutu, ɗanta yana hannun mahaifiyarta, ita kuma tana zaune da wasu abokan aikinta a unguwar Fereej Abdel Aziz. Abin da ta rubuta a shafinta gajere ne. Ta ce ba mijin kullum take nema ba, aikinta na juyi ne, wani makon rana wani makon dare, ba ta da lokacin dafa wa kowa abinci sau uku. Ta yarda ta zama ta biyu, amma ba ta shiga gidan wata ta katanga. Ɗalhatu ya karanta wannan na ƙarshen, ya yi murmushi, ya ɗauka salon magana ne kawai.

Suka yi 'yan makonni suna hira, hira mai daɗi kuwa, don Haulat ta iya ba da labarin marasa lafiya masu taurin kai har mutum ya riƙe ciki. Ɗalhatu ya fara guge yunifom sau biyu, ya fara sa turare zuwa wurin da ba mai sansana shi. Da ta ga abin yana neman yin nisa, sai ta ce su haɗu a kasuwar Souq Waqif ranar Juma'a bayan la'asar. Ta zo da wata ƙawarta, ƙawar ta zauna a teburin gefe ta duƙufa kan wayarta. Haulat gajera ce mai tabarau, in ta dube ka sai ka ji kamar awon jini za ta yi maka. Bayan gaisuwa da shayi, ta ture kofinta gefe.

“Malam Ɗalhatu, tambayata ɗaya ce, daga ita ba ni da wata. Uwargida ta sani?”

Ya zo da amsarsa a aljihu tun daga Najma: namiji mijin mace huɗu ne, kuma shari'a ba ta ce sai ya nemi izini ba. Sai dai Haulat ba izini ta tambaya ba, sani ta tambaya, ga shi kuma ta tsare shi da ido.

“Ta sani,” in ji Ɗalhatu.

Da ya tsaya a nan da sauƙi. Amma ita ƙarya in ka buɗe mata ƙofa sai ta shigo da ƙannenta. Ya ce ai ita ce ma ta fara kawo maganar, ta ce gara ya yi aure da ya faɗa halaka a ƙasar mutane. Ya ce har addu'a take masa. Yana faɗa yana jin muryarsa kamar ta wani.

Haulat ta sauke ajiyar zuciya. “Ka yi haƙuri da na matsa. Tsohon mijina aure ya yi a ɓoye, ni a bakin mai kitso na ji, kaina a cinyarta. Wallahi ba auren ne ya ci ni ba, wannan jin ne. Na yi wa Allah alkawari ba za a yi wa wata haka da ni ba. Zan so mu gaisa da ita.”

“Mai kunya ce ƙwarai, Sista. Ta ce sai an ɗaura tukuna.”

Ta ɗan dube shi ta saman tabarau, sannan ta gyaɗa kai. “To, ba laifi. Kawuna Alhaji Sherif shi ne waliyyina, zai yi bincike. Wace unguwa ce taku a Malumfashi?”

Ya faɗa mata, har da kwatancen masallaci da bishiyar ɗurumin da ke ƙofarsa. A ransa ya ɗauka binciken auren waya a waya yake ƙarewa, ko dai a tambayi shugaban 'yan Arewa na nan Doha, wanda ba abin da ya sani game da shi sai zuwa salla a kan lokaci. Wane tsoho ne zai bar Kaduna ya hau wannan hanya saboda bazawarar da ta tsinci miji a manhaja? Nurudeen ma da ya ji ya kwashe da dariya. “Bincike? Cika baki ne irin na mata. Yalla, maza fara neman sadaki.”

Abin takaicin shi ne, a duk ɗakin nan ba wanda ya fi Ɗalhatu sanin yadda ake bincike a gida. Baƙo ba ya tsayawa tambayar 'yan acaɓa. Masallacin unguwa yake nema, ya bi jam'i, in an sallame ya matsa ya gaida liman, ya ce yana da 'yar magana. Sau nawa Ɗalhatu ya ɗebo wa irin waɗannan baƙi ruwa da hannunsa a zauren Malam, ya ajiye ya fita don kada ya ji sirrin mutane? Amma son zuciya ya rufe masa ido, ya manta wane ne limamin unguwarsu.

Wata Alhamis da rana, yana ɗakin masu gadi da ke ƙasan benen yana cin shinkafar da kamfani ke rabawa, kiran Haulat ya shigo. Muryarta har rawa take don murna.

“Albishirinka. Kawu ya je ya dawo.”

“Ya je ina?”

“Malumfashi mana. Ai hatsi yake saye a kasuwannin wajen, hanyarsa ce. Shekaranjiya ya yi azahar a masallacinku, ya ga liman.”

“Wane liman?” in ji Ɗalhatu, kamar unguwar tasu liman goma gare ta.

“Malam Abdul-Majeed ya ce sunansa, wani dattijo mai farin gemu. Ya ce ya san ka tun kana goye. Kawu ya ce tun da yake zuwa bincike bai taɓa jin an yabi mutum haka ba. Wai ba ka shaye-shaye, ba ka faɗa, ka riƙe mahaifiyarka har ta koma ga Allah, kuma ba ka taɓa yi masa ƙarya ba.”

Ɗalhatu ya ture shinkafar gefe.

“Sai Kawu ya yi masa tambayar da na roƙe shi ya yi, ko matarka ta sani. Wai liman ya ce wa ya ce ta sani? Kawu ya ce shi yaron ne da bakinsa. Sai liman ya ce Kawu ya ɗan jira shi. Ya sa aka kawo masa fura, shi kuma ya ɗauki sandarsa ya fita cikin ranar nan. Sai gab da la'asar ya dawo, ya zauna, ya ce ta sani. Kawu ya ce ta kuma amince? Ya ce ta ce Allah ya sanya alheri. Ka ji dattijon arziki, har gidan ya taka ya tabbatar. Malam Ɗalhatu? Kana jina?”

“Ina jin ki. Sufabaiza ne ke kirana, zan neme ki.”

Ba wani sufabaiza. Ya zauna da waya a hannu, gumi na bin bayansa a ɗakin da sanyi ke kaɗa haƙora. Ya san Malam sarai. Ba zai yi wa baƙo ƙarya ba, ba kuma zai ƙaryata Ɗalhatu a gaban baƙo ba. Hanya ɗaya ce ta rage masa, ita ya bi da sandarsa: ya je ya sa maganar ta zama gaskiya, sannan ya dawo ya faɗe ta.

Sai a lokacin ya tuna akwai wani dogon saƙon murya daga Rahmatu tun safe. Bai buɗe ba, don dogayen saƙonni yawanci waƙoƙin Ummi ne. Ya danna, ya kara a kunne. Muryarta a kwance take, ba kuka ba tsawa, da ma ta yi tsawar da ya fi masa sauƙi.

“Abban Ummi, ina kwana. Ya aiki? Na kwana biyu ina neman yadda zan faɗa maka. Baba ya zo gidan nan shekaranjiya. Ina tankaɗe na ji sallamarsa a zaure, wallahi sai da rariyar ta faɗi, na ɗauka mutuwa aka yi. Ya shigo har tsakar gida, na shimfiɗa masa tabarma. Ya kira sunana, Abban Ummi. Ya ce Rahmatu, mijinki zai ƙara aure, na san nauyi ne ya hana shi faɗa miki, shi ya sa na zo a madadinsa. Ya ce in yi haƙuri. Baba ne fa yake ba ni haƙuri, kansa a ƙasa, ya kasa dubana. Ni ban isa in hana ka aure ba, a gidan mata uku na tashi. Amma da ka faɗa mini, ko a waya ce, in yi kukana in share hawayena, da ba a taso tsoho da tsakar rana ba. Shi ke nan. Allah ya sanya alheri. Ummi na gaishe ka.”

Rahmatu 'yar fari ce. Tun da aka haife ta Malam bai taɓa kama sunanta ba, sai dai ya ce yarinyar nan, ko ya ce wa uwarta 'yarki. Tun da aka kai ta ɗakin miji kuwa ko hanyar gidan ba ya bi, gara ya zaga ta bayan makarantar firamare. Ranar sunan Ummi ma a ƙofar masallaci ya raɗa suna ya koma zaurensa. Wannan mutumin ne ya taka har tsakar gidan 'yarsa ta fari, ya zauna a tabarmarta, ya kira ta da sunanta, don kada a ce Ɗalhatu ya yi ƙarya.

Kunya ta kama Ɗalhatu irin wadda bai taɓa sanin akwai ta ba. Ya so ƙasa ta tsage ya shige, amma lokacin hutu ya ƙare, dole ya koma bakin ƙofa ya ci gaba da yi wa mutane murmushi. Ranar ya gode wa Allah da ba mai kallon fuskar mai gadi.

Da ya ba Nurudeen labari a hanyar shagon Ba'indiye, sai gogan ya daki kafaɗarsa. “To ai faɗuwa ta zo daidai da zama! Uwargida ta ji, suruki ya sa albarka, amarya na jira. Mabruk, ango!” Mutanen nan na manhajar farko ne suka faɗo wa Ɗalhatu a rai, waɗanda ya kira dabbobi. Duk lalacewarsu, ba wanda ya ɓoye wa abokin zamansa a cikinsu. Shi mai jallabiya da tabon salla shi ne ya ɓoye.

Bai shiga shagon ba. Ya tsaya a gefen titi, motoci na wucewa, ya kira Haulat ya faɗa mata komai, bai rage ba. Da ya gama, sai ta tambaye shi.

“Limamin surukinka ne?”

“Shi ne.”

“Mahaifinta.”

“Mahaifinta ne.”

“Inna lillahi. Wato ni na aiki Kawu ya je ya zauna a zauren mutum yana shan furarsa, yana tambayarsa ko za a yi wa 'yarsa kishiya.” Muryarta ta karye, ta gyara ta. “Abu ɗaya na tambaye ka, Malam Ɗalhatu. Da ka ce ba ta sani ba, cewa zan yi je ka faɗa mata, ina nan ina jira. Yanzu ga shi ka sa an yi wa wata abin da aka yi mini, kuma da hannuna.”

“Sista, ki yafe mini. Tsoro ne ya...”

“Allah ya yafe mana baki ɗaya. Khalas. Zan ce wa Kawu an fasa. Ba zan gaya masa dalili ba, ba don kai ba, don wannan dattijon.”

Ta kashe wayar. Ya ji zafin rasa ta, don ya fara sonta da gaske, amma ko wannan zafin bai samu wurin zama sosai ba. Akwai kiran da ya fi wannan nauyi yana jiransa.

Washegari Juma'a. Bayan an sauko daga masallaci, 'yan ɗaki suka hau tuƙa tuwo, shi kuwa ya haura saman gidan, inda ake shanya da tankunan ruwa. Rana na dukan siminti har tururi yake, amma nan ne kaɗai ba kunnen kowa. A gida hantsi ne, ya san Malam na zaure yana duba huɗuba. Ya nemo lambar, ya fasa, ya sake nemowa, ya fasa. Daga ƙarshe ya rufe ido ya danna.

“Salamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, Ɗalhatu ne.”

“Wa alaikumus salam. A'a, mutanen Ƙatar. Ya aiki? Ya zafi? An ce naku ya fi namu.”

“Da godiya, Baba.”

Malam ya tambayi abokan zamansa, ya tambayi ko ƙafar da ya ce tana masa ciwo saboda tsayuwa ta yi sauƙi. Ya ba shi labarin ruwan da aka yi ranar Litinin, da katangar masallaci da ta tsage. Kowace tambaya sai Ɗalhatu ya ji kamar an ɗora masa bulo a ka. Da ma zaginsa ya yi, da ma cewa ya yi tir, da ya san inda zai sa kansa. Ya buɗe baki zai fara, sai Malam ya riga shi.

“Ka yi baƙo kwanan baya, mutumin kirki daga Kaduna. In sun sa rana ka sanar da ni da wuri, saboda hanya. Ni zan je in karɓa maka auren. Ba ka da wani uban da zai tsaya maka, ba kuma za a ce ɗan Malam Dikko ya rasa wakili ina raye ba.”

Malam Dikko shi ne mahaifin Ɗalhatu. Ɗalhatu ya durƙusa a kan simintin nan mai zafi, hawaye na zuba a kan jallabiyarsa ta Juma'a.

“Baba, an fasa. Ni ne na... Baba, ban faɗa mata ba. Ƙarya na yi.”

Ta cikin wayar yana jin kukan kaji da muryar wata mai tallar ƙosai daga can Malumfashi.

“Na sani,” in ji Malam a hankali. “Tun kafin in tashi daga zaure na sani.”

“Baba, ka yafe mini.”

“Ni ba komai tsakanina da kai. Allah ya sa fasawar ita ce alheri.” Ya yi tari, ya ɗan numfasa. “Sai dai yarinyar nan tana can tana gyara zuciyarta saboda baƙuwa. Ka kira ta ka gaya mata an fasa, ka kuma gaya mata sauran da bakinka. Wannan karon ba zan je ba, Ɗalhatu. Ƙafata ba za ta iya shiga gidan nan sau biyu ba.”

Suka yi sallama. Daga ƙasa Nurudeen na ƙwala masa kira cewa tuwo zai huce. Ɗalhatu ya goge fuskarsa da hannun riga, ya ja jiki zuwa 'yar inuwar tankin ruwa, ya nemo lambar Rahmatu.